Kasafin kuɗin ƙaramar hukuma: ina harajin talakawa yake tafiya?

Ƙaramar hukuma, wadda jama'a suka fi sani da sunan komin, ita ce matakin mulki mafi kusa da talaka a Jamhuriyar Nijar. Dokokin shekarar 2002 ne suka kafa komin 265, 52 na birane da 213 na karkara, aka kuma yi zaɓen kansaloli na farko ranar 24 ga Yuli 2004. A wancan lokaci, kansalolin su ne suke zaɓen magajin gari daga cikinsu, sarakunan gargajiya kuwa suna zama majalisar don ba da shawara, amma ba su jefa ƙuri'a. A watan Afrilu 2024 hukumomin soja sun rushe waɗannan majalisu, suka naɗa kantomomi a madadinsu. Sai dai batun kasafi bai sake ba: kuɗi kaɗan ne, bukatu kuwa ba iyaka.

Kuɗin komin suna fitowa daga harajin da masu gari da shugabannin rugage suke tarawa, da tikitin kasuwa da na tasha, da kuɗin da ake biya a kan dabbobi a kara da mahauta, da sayar da filaye. Akwai kuma tallafin gwamnati wanda yake bi ta hukumar ANFICT da aka kafa a 2008, da na abokan hulɗa na waje. Komin da take da babbar kasuwar mako ta fi maƙwabciyarta wadata nesa ba kusa ba, ko da yawan jama'arsu ɗaya ne.

Kasafin ya kasu gida biyu. Na farko shi ne na tafiyar da aiki: albashin ma'aikata, kuɗin zaman majalisa, man mota, takardu da tarbar baƙi. Na biyu shi ne na ayyukan raya ƙasa, wato azuzuwa, rijiyoyi, gidajen likita, rumfunan kasuwa da magudanun ruwa. Kundin dokokin ƙananan hukumomi na 2010 ya tanadi a ware aƙalla kashi 45 cikin 100 na kuɗin shiga na yau da kullum domin gida na biyu. A nan gizo yake saƙa. Sau da yawa ana rubuta kasafin ne bisa harajin da ake fatan samu, ba wanda aka saba samu ba. In shekara ta raba, kuɗi ba su shigo ba, albashi ba ya jira, sai rijiya ta jira.

Koke-koken jama'a sun bambanta da wuri. A Yamai da Maraɗi shara ce da magudanun da suke toshewa da damina. A Damagaram ƙarancin ruwan sha tsohon ciwo ne. A ƙauyukan jihar Tawa kuwa fanfon da ya lalace, da ajin zana da ake sake ginawa kowace kaka, da mai naƙuda da ake kaiwa likita a amalanke. Tun 2016 aka miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na ilimi, lafiya, ruwa da muhalli, amma kuɗin da suka biyo bayan wannan nauyi ba su kai shi ba.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne gyara. Sabon gini yana da bikin buɗewa, sayen kayan gyaran fanfo ba shi da shi, alhali kuwa shi ne ya fi araha, ya kuma fi saurin amfanar mata da yara masu ɗiban ruwa. Mai biyan haraji da ya shekara uku yana ganin fanfon garinsu a mace, ba abin mamaki ba ne ya ɓuya ranar da mai gari ya fito karɓa, sai kuɗin shiga su ƙara raguwa.

Kowace komin tana da tsarin raya ƙasa na shekaru da yawa, wanda ake kira PDC, da ake tsarawa bayan an ji ta bakin ƙauyuka. Ya kamata ƙungiyoyin mata, manoma da makiyaya su nemi ganinsa, su gwada shi da kasafin shekara tun kafin a amince da shi. A ƙarshen shekara kuma su tambayi abu biyu: nawa aka tara, kuma nawa ne daga ciki ya shiga aikin da ido yake gani.