Aska, jarfa da tatu: tarihin zane a jikin mutanen Damagaram



Duk wanda ya shiga kasuwar Droum ranar da take ci, ya tsaya wajen ƴan hatsi ko wajen dabbobi ya lura da fuskokin mutane, zai ga wani abu. A cikin tsofaffi, maza da mata, masu aska sun fi yawa. Masu shekara arba'in zuwa hamsin, wasu da ita wasu babu. In ka sauko kan yaran lakwal kuwa, sai ka ƙirga da yawa kafin ka ga mai zane ɗaya. A gaban idonmu al'adar take ƙarewa. A daidai wannan lokaci kuma ga wani zane ya shigo wanda samari ke kira tatu, a damtse ko a ƙirji, ana ɓoye shi cikin riga. Muna ji ana zagin masu shi a fada da bakin masallaci, wai baƙon abu ne da Nasara suka kawo. To na'urar dai baƙuwa ce, amma sa baƙi a cikin fata kakanninmu sun san shi tun kafin Nasara ya taka ƙasar nan.

Hausa ma ta raba abin. Akwai tsaga, wadda wasu ke ce wa aska ko zane ko shasshawa, wato a yanka fata ta warke da tabo. Akwai kuma jarfa, inda ake yin ƙananan tsage kusa da juna a goga baƙin tukunya ko garin gawayi, ya zauna a cikin fatar har mutuwa. Jarfa ita ce tatu ɗinmu na asali, ba wani bambanci sai na kayan aiki.

Mai aikin shi ne wanzami. Ranar suna, kwana bakwai da haihuwa, da sassafe yake zuwa da zabirarsa. Shi zai aske gashin jariri, ya cire beli, sannan in gidan masu zane ne ya yi wa yaro askar ubansa. Ta uba ake bi, uwa ko ƴar wace ƙabila ce. Ana sallamarsa da kuɗi da hatsi da rabonsa na ragon suna. Sana'ar gado ce, kowane gida da wanzaminsa, kuma a fada akwai Sarkin Aska da ke shugabantarsu. Wanzamin kirki ya san zanen kowane gida a yankinsa kamar yadda liman ya san mamunsa, don kuskure ɗaya a fuskar jariri ba ya gyaruwa.

Sai mu tambaya, me ya sa mutum zai yarda a yanka fuskar ɗansa yana kwana bakwai a duniya? Amsar tana cikin irin zamanin da aka yi. Sarautar Damagaram ta kafu ne a wajajen 1730, kusa da Mirriya, a hannun zuriyar Malam, kuma ta daɗe tana biyayya ga Borno. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya mai da fada birnin Zinder. Ɗansa Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884, shi ya ƙarfafa ganuwa, ya sa aka ƙera igwa a cikin birni, ya faɗaɗa ƙasa ta ko'ina. Duk mun taso muna jin kirarin wannan zamani, kuma da gaskiya. Amma akwai ɓangaren da ba a cika faɗa ba: wani kaso mai yawa na dukiyar ya fito ne daga bayi, waɗansu a kai wa Shehun Borno a matsayin gaisuwa, waɗansu a bi da su ta Agadas har Tarabulus. A irin wannan duniya, yaron da aka sace yana shekara biyar zai iya manta sunan garinsu, har harshensu ya ɓace masa, amma fuskarsa ba ta mantuwa. Dattawa na cewa da zane ake gane ɗan uwa a kasuwar bayi a fanso shi, da shi kuma ake gane na gida a fagen fama.

Wani Bature ɗan Ingila mai suna James Richardson ya sauka Zinder a watan Janairun 1851, zamanin Sarki Ibrahim, ya yi makonni kafin ya wuce Borno inda ya rasu a hanya. A cikin littafin tafiyarsa ya yi bayanin zanen fuska, har ya rubuta sunan da ya ji ana kiransa, wanda in ka dube shi shasshawa ce ya karkata da bakinsa. Ya kuma ba da labarin yadda ake fita farautar bayi daga birni, wani lokaci ma a kan talakawan da ke ƙarƙashin sarautar kanta. Ka ga ke nan zane bai hana a kama mutum ba kullum. Abin da ya yi shi ne ya bar wa dangi hanyar nemansa.

Zanen ma ba duka ne na ƴanci ba. A fadar Kano, cucanawa, wato ƴaƴan bayin sarki da aka haifa a gida, ana yi musu uku-uku a gefen baki don a san nasu ne. Faransa ta fitar da dokar hana cinikin bayi a yankunan da ta mallaka a 1905, Nijar kuma sai a 2003 ta sa bauta cikin manyan laifuka a dokarta, amma tabo ba ya jin doka. Akwai gidajen da suka bar yi wa ƴaƴansu aska don kawai kada jika ya ɗauki tambarin da aka yi wa kakansa da ƙarfi. Wanda ke kukan ɓacewar al'ada ya riƙa tunawa da waɗannan.

Da yake Damagaram mahaɗa ce, fuskokinta ma haka suke. Ga dogayen zanen Barebari da ke sauka a kumatu, da guda a tsakiyar goshi. Ga Gobirawa da suka zo fatauci suka zauna, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, sun taso daga gefen baki. Ga Arawa da nasu da ke tafiya daga baki zuwa kunne. Ga bille, guda ɗaya a karkace a ƙasan ido, ga fashin goshi. Mutum bai buɗe baki ba an riga an san daga ina ya fito. Nan ne wasan taubasantaka ke samun abinci: Bafillace ya hango zanen Babarbare daga nesa sai ya fara shirya baƙar maganar da zai jefa masa, shi ma ya rama, a yi dariya a rabu, wani lokaci har ciniki ya faɗa a kan haka. A 2014 UNESCO ta sa wannan wasa na Nijar cikin kayan gadon duniya. Yau saurayi zai zauna kusa da taubashinsa a mota tun daga Zinder har Yamai bai sani ba.

Akwai kuma tsagar magani, a ciki ko a gefen ido, wadda ba ruwanta da asali. Sai ta ɗan wabi, yaron da aka haifa bayan yayyensa sun yi ta mutuwa, a yi masa zanen da ba na gidansu ba wai don a ɓad da shi. Mu yanzu muna iya murmushi, amma uwar da ta binne huɗu ba wasa take yi ba.

Jarfa kuwa ta mata ce, kuma ta fi kama da abin da samarin yau ke yi, domin ita ba a jariri ake yi ba, budurwa ce ke zuwa da ƙafarta. Kafin aure ƴan mata kan haɗa kuɗi su je wurin wanzami a yi musu kalangu a gefen fuska, ko ƴar baka, ko wani ado a wuya da ƙirji da hannu. Ana cije baki a daure, wadda ta yi kuka ta zama abin tsokana a dandali. Matan Fulani, musamman Wodaaɓe da muke gani a kasuwanninmu, har yau da yawansu na da baƙin zane a gefen baki da goshi, wasu matan kuma a baƙanta musu leɓe ko dasashi da ƙaya don haƙora su ƙara haske. Wato kakar da ke salati yau don ta ga tatu a hannun jikanta, in ta sassauta mayafi, za ka iya ganin nata a wuya. Ba gori muke mata ba, lokacinta abin yabo ne.

To ina addini yake duk tsawon wannan lokaci? Hukuncin yana nan, ba sabo ba ne. Hadisin da ya la'anci mai yin jarfa da wadda ake yi wa yana cikin Buhari da Muslim. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu tun da daɗewa, ta ambaci hanin. Malamai na kafa hujja da aya ta 119 a Suratun Nisa'i kan sauya halittar Allah. Sarautar Damagaram ta musulmi ce tun kafuwarta, amma duk da haka malami na karantar da babin da safe, jikansa na hannun wanzami ranar suna. Al'ada ta fi ƙarfin wa'azi a lokacin, domin amfanin zane a bayyane yake. Sai da amfanin ya ragu sannan wa'azin ya samu shiga.

Ragin ya faro ne bayan yaƙin Tirmini a watan Yulin 1899, lokacin da Faransawa suka ci Zinder, aka kuma kashe Sarki Amadu Kuran Daga a shekarar. Hare-haren bayi suka tsaya a hankali. Zinder ta zama babban birnin mulkin mallaka daga 1911 zuwa 1926, takarda ta fara maye gurbin fuska: rajistar haraji, daga baya katin ɗan ƙasa da takardar haihuwa. Ƴan lakwal na farko da ma'aikata su suka fara barin ƴaƴansu ba aska. Ƙauye bai bi ba sai can baya. Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta shigo ta Maraɗi da Zinder, kaset-kaset na wa'azi suka cika gari, aka riƙa kiran abin da sunan haram kai tsaye. A 1987 aka tabbatar da cutar sida a Nijar, ma'aikatan lafiya suka shiga gargaɗi a rediyo kan aska ɗaya da ake yi wa yara da yawa aiki da ita. Wannan gargaɗi gaskiya ne, kuma bai tsaya kan sida ba: ciwon hanta na bin jini, askar da ba a dafa ba kuma na iya sa wa jariri ciwon da ke sandarar da jiki ya ƙulle haƙora. A Nijeriya dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana yi wa yaro zane ko tatu, ko da yake kowace jiha sai ta amince da ita kafin ta yi aiki a can.

Sai tafiye-tafiye. Wanda ya je cin rani Libiya ko Aljeriya, ko ya zauna Makka ba takarda, ya san yadda zane ke tona asirin baƙo a gaban ɗan sanda. Abin da aka yi don a gane ka a fanso ka ya koma abin da ake gane ka da shi a kama ka. Da yawa sun dawo da rantsuwar ba za a taɓa fuskar ƴaƴansu ba.

Abin da ke damunmu shi ne yadda alfahari ya juye ya zama kunya. Yarinyar ƙauye mai zane ta shiga kwaleji a birni sai a laƙaba mata suna, wai ta yi faɗa da mage. Wasu na ta shafe-shafen mai don tabon ya dushe, ba ya dushewa, sai fata ta lalace. Ita ba ta zaɓa ba, kwananta bakwai aka yi mata. A ganinmu barin tsaga jarirai daidai ne, kuma iyayen da har yanzu ke yi su bari. Amma wanda ya yi wa mai zane dariya, fuskar kakarsa yake yi wa.

Tatu na zamani ta wata ƙofa ya shigo. Kalmar ma daga tsibirin Tahiti Turawa suka ɗauko ta bayan tafiyar Kyaftin Cook a 1769, na'urar lantarkin kuma a 1891 aka yi mata rajista a New York. Zuwa gare mu ta gidan kallon ƙwallo da bidiyon mawaƙa da waya ya iso: yaro ya ga Messi da Neymar hannu duk zane, bai lura Sadio Mané da Mohamed Salah babu ko ɗigo ba. A Zinder an fi danganta shi da ƴan palais, har ya zama in an ga tatu sai a ce ɗan daba. Wanda ya kalli fim ɗin Zinder na Aicha Macky, na 2021, ya ga samarin Kara-Kara suna nuna tabon wuƙa a jikinsu, kowane tabo da labarinsa. Su ma fatarsu ce ke faɗin ƙungiyar da suka fito, kamar dai da, sai dai wannan karon ba uba ne ya ba su ba.

Haɗarin kuwa shi ne na jiya. Yawancin masu yi a lungu suke yi, da allurar ɗinki da ruwan biro, allura ɗaya abokai uku. Cirewa sai da na'urar laser, mai tsada, zama bayan zama. Mun ji labarin masu ƙona wurin da ƙarfe ko ruwan batir in neman aure ya taso, su ƙare da tabon da ya fi tatun muni. Malamai da dama sun yi bayani cewa wanda ya riga ya yi, ya tuba, alwalarsa da sallarsa sun inganta, tunda baƙin yana ƙarƙashin fata, kuma ba a tilasta masa cirewar da za ta cutar da shi. Wannan bayanin ya kamata ya kai kunnen samarin kafin su kai ga ruwan batir.

Mata su sun samu mafita tuntuni, lalle ya gaji jarfa. Ana zana fulawa har gwiwar hannu, sati biyu ya goge, ba mai cewa komai. Sai dai a kula da baƙin lallen nan da ake haɗawa da dayis na rina gashi, sinadarin da ke cikinsa na sa wa wasu ƙuraje da kumburi, har ya bar tabo na dindindin.

Wanzamai kuma aiki ya ragu musu, aski ya koma shago, kaciya na komawa likita, saura ƙaho da askin suna. Tsofaffinsu su ne suka rage da sanin sunan kowane zane da gidan da ya fito, a Droum da Dogo da Mirriya da Matamaye. Mai kaka ko kakan da ke da aska ko jarfa ya zauna ya tambaye shi sunanta, da wanzamin wane gari ya yi ta, ya rubuto mana a nan ƙasa. Amma don Allah kar a ɗora hoton kowa sai da izininsa.