Matar Mai Ƙona Littattafai

Yau za mu waiwayi wani tsohon ƙagaggen labari na hasashen gobe mai suna Fahrenheit 451, wanda Ray Bradbury ɗan Amurka ya fitar a 1953.

Labarin wata ƙasa ce da aka haramta ajiye littafi. Montag ɗan kwana-kwana ne, sai dai aikinsu ya juye: duk gidan da aka samu littafi, su ne ke zuwa su banka masa wuta. Lokacin da labarin ya fito, ba a manta da yadda 'yan Nazi suka ƙona littattafai a Jamus a 1933 ba, shi ya sa aka ɗauke shi gargaɗi kan danniyar hukuma.

To amma wanda ya sake karanta shi bayan shekara 70, matar Montag ce za ta tsaya masa a rai. Mildred kan wuni gaban talabijin da ya cinye bango uku na ɗakinta, tana naci a ƙara na huɗu. Mutanen cikinsa take kira danginta. Kunnuwanta kullum toshe da 'yar ƙaramar rediyo. Ko inda suka fara haɗuwa da mijinta ta manta. Ƙarshe ma har da ita a masu kai ƙararsa.

Shugaban Montag ya faɗa masa gaskiya: jama'a ne suka fara watsar da karatu don kansu, doka daga baya ta biyo. To 'yar'uwa, yau da waya ke hannun kowa, yaushe rabon da yaranki su gan ki riƙe da littafi? Mu kwana nan.