Bukhari Bello

Bukhari Bello lauya ne ɗan Najeriya wanda ya riƙe muƙamin Babban Sakataren Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa daga 2000 zuwa 2006. An kafa hukumar a 1995, zamanin mulkin Janar Sani Abacha, kuma yanzu tana da ofisoshi a jihohi, har da Dutse.

Yana kan wannan kujera ne ya zama shugaban kwamitin da ke haɗa kan irin waɗannan hukumomi a Afirka, wanda aka kafa a Yawunde a 1996.

A watan Yunin 2006 Ministan Shari'a, Bayo Ojo, ya sauke shi bayan ya soki yadda jami'an tsaro ke muzguna wa 'yan jarida. Korar ta jawo wa ƙasar asara: a 2007 aka rage darajar hukumar a idon duniya daga rukunin A zuwa B, saboda ta nuna gwamnati na iya tsige shugabanta yadda ta ga dama. Sai a 2011, bayan gyaran dokarta, ta dawo rukunin A.

A 2007 kwamitin ya rikiɗe zuwa ƙungiyar NANHRI, mai sakatariya a Nairobi.