Rabon Gado a Ƙasar Garwa

A dā, in Musulmi ya rasu a ƙasar Garwa, alƙalin Lamiɗo ne yakan raba gadonsa. A biya bashi, a cika wasiyya, sa'an nan a raba saura. In ya bar 'ya'ya, matarsa ta sami tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas. Sauran kabilu kuwa, dattawan dangi ke yanke magana.

A 1927 Faransawa suka tsara kotunan 'yan ƙasa, Bature yana shugabanta, dattawa suna faɗa masa al'ada. Bayan 'yancin Kamaru, dokar 1969 ta bar maganar gado a hannun kotunan gargajiya. Yanzu ko a Figil, dangi su zauna, kotu ta rubuta sunayen magada. Gwauruwar da ba ta riƙe wannan takarda ba, gonar marayunta tana iya kuɓuce musu.