Toshe Bawul ɗin EGR a Motocin Dizal Masu Turbo da Jan Ƙafa Huɗu: Nazari Kan Dalilai da Sakamako

Tsakure

Wannan maƙala ta duba al'adar toshe hanyar da ke mayar da hayaƙi cikin inji, wato EGR, a motocin dizal masu turbo da jan ƙafa huɗu. An dogara ne ga ƙa'idojin ƙonewar mai, da tsarin injinan da abin ya shafa, da dokokin hayaƙin mota na Turai da Amurka da Afirka ta Yamma. Maƙalar ta nuna cewa kukan masu mota game da dattin da ke cushe bututun iska yana da tushe, amma toshewar ba ta taɓa dukan asalin dattin ba, kuma tana ɗora wa huhun jama'a nauyin da aka sauke wa inji.

Muhimman kalmomi: EGR, injin dizal, turbo, NOx, kunkunniya, salfa.

1. Gabatarwa

Duk bakaniken da ya taɓa kwance manifol na injin dizal da ya yi dogon zango ya san abin da zai tarar: baƙin datti mai danƙo ya manne a bango, har ramin da iska ke bi ya tsuke. Mai mota ya ga haka, sai ya tambayi inda dattin ya fito. Amsar da aka fi ba shi ita ce EGR, maganin da aka fi ba shi kuma shi ne ɗan fallen ƙarfe da ake sakawa tsakanin bututun hayaƙi da bawul ɗin, a ɗaure da noti biyu. Al'adar ta yi ƙarfi a Ostareliya da Birtaniya da Amurka, a tsakanin masu Nissan Patrol da Toyota Hilux da Prado da Mitsubishi Pajero da Land Rover. Ta shafe mu domin irin waɗannan motoci ne ke shigowa Afirka ta Yamma a matsayin na hannu. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka zo.

2. Aikin da EGR ke yi

Iskar da inji ke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitrojin ce, kashi 21 oksijin. A yanayi na yau da kullum ba sa haɗuwa. Amma idan zafin wuta a cikin silinda ya haura kimanin digiri 1,500 a ma'aunin Salsiyas, sai su fara haɗuwa su haifar da iskar da ake kira NOx, kuma yawanta na hauhawa da sauri ƙwarai da kowane ƙarin zafi. Masanin kimiyyar Tarayyar Sobiyet Yakov Zeldovich ne ya bayyana wannan tsari a 1946.

Injin dizal ya fi na fetur fama da wannan matsala. Yana matse iska sosai, kuma kullum iskar da ke cikinsa ta fi abin da man ke buƙata, don haka oksijin na saura a hayaƙinsa. Wannan ragowar oksijin ce ke hana matatar hayaƙi irin ta motar fetur karya NOx a salansar dizal. Sai injiniyoyi suka koma ga hana ta samuwa tun daga cikin silinda. Ana ɗibar wani kaso na hayaƙin kafin ya isa turbo, a yawancin injinan zamani a sanyaya shi da ruwan lagireto, a mayar da shi cikin bututun iska. Hayaƙin yana maye gurbin wani sashe na oksijin, sannan iskar kabon da tururin da ke cikinsa suna shanye zafi. Wuta ta yi sanyi kaɗan, NOx ta ragu da yawa.

Doka ce ta tilasta wannan. A Turai, iyakar NOx ga ƙaramar motar dizal ta sauko daga giram 0.50 a kowace kilomita a matakin Euro 3 na 2000, zuwa 0.25 a Euro 4 na 2005, zuwa 0.18 a Euro 5 na 2009, zuwa 0.08 a Euro 6 na 2014.

Akwai abu guda da masu toshewa kan manta, kuma shi ne ya kamata a fara faɗa musu. Bawul ɗin ba a buɗe yake kullum ba. Yana aiki ne lokacin da inji ke silo ko yake ɗauke da matsakaicin nauyi, inda hayaƙin da ake mayarwa kan kai kusan rabin abin da silinda ke shaƙa. Da an taka totur sosai, a hawan tudu ko a cikin rairayi, kwamfutar motar tana rufe shi ko ta rage shi matuƙa. Ma'ana, a daidai lokacin da direba ke neman ƙarfi, EGR ta riga ta janye.

3. Asalin dattin

Rage oksijin yana da tsada: man ba ya ƙonewa sarai, kunkunniya ta ƙaru. Wannan ciniki tsakanin NOx da kunkunniya sananne ne a ilimin injin dizal. Idan aka danne ɗaya, ɗayar ta ɗago. Sai dai busasshiyar kunkunniya ita kaɗai ba ta cika mannewa ba, wucewa take yi. Abin da ke riƙe ta shi ne tururin baƙin mai. Kowane inji yana da iskar da ke kuɓucewa ta gefen zoben fistin ta faɗa cikin ɗakin baƙin mai, kuma doka ta hana a sake ta waje, don haka ake mayar da ita ta gaban turbo, tana ɗauke da feshin mai. Inda wannan feshi ya gamu da hayaƙin EGR, nan ake samun cakuɗa mai kama da kwalta. Abu biyu ne suka haɗu, amma ɗaya kawai ake tuhuma.

Yanayin tuƙi na ƙara tsananta lamarin. Motar da ke yawan tsayawa a kunne, ko take ɗan gajeren zagaye a cikin gari ba ta yi zafi sosai ba, ita ce bawul ɗinta ya fi daɗewa a buɗe. Nozul da ya lalace da matatar iska da ƙura ta cika su ma suna ƙara kunkunniya, kuma a lokacin hunturu a Sahel ba a raina batun matatar iska.

Dalili na uku, kuma mafi nauyi a yankinmu, shi ne salfa. Salfar da ke cikin man dizal tana ƙonewa ta zama iskar da, idan ta gamu da tururi a wuri mai sanyi kamar na'urar sanyaya EGR, take rikiɗa ta koma ruwan asid mai cin ƙarfe. Turai ta kayyade salfa a kashi 10 cikin miliyan tun 2009. A lokacin da ƙungiyar Public Eye ta Siwizalan ta fitar da rahotonta kan ƙazamin man da ake kawowa Afirka a Satumbar 2016, iyakar Nijeriya kashi 3,000 ce cikin miliyan, ninki 300 ke nan. Injin da aka ƙera don man Turai, aka shayar da shi irin wannan mai shekara da shekaru, dole bawul ɗinsa ya ci wuya. Ba banza ba ne Toyota ta daɗe tana sayar da injina marasa turbo irin su 1HZ da 5L-E a kasuwannin Afirka.

4. Abin da ke biyo bayan toshewa

Adalci ya sa a faɗi ribar. Kunkunniya ta daina shiga manifol, baƙin mai ya rage saurin baƙi, kuma direba kan ji motar ta ɗan fi saurin amsawa daga ƙasa. Idan bawul ɗin ya maƙale a buɗe, mota na tuttuɗo baƙin hayaƙi ba ƙarfi, ko na'urar sanyayawa ta tsage ruwa na zuba cikin inji, to toshewa na wucin gadi a tsakiyar daji dabara ce mai ma'ana har a isa gareji. Haka nan bakanike kan toshe na ɗan lokaci don ya gane ko bawul ɗin ne ke da laifi. Yawancin labaran "mota ta dawo sabuwa" daga nan suke fitowa: ana kwatanta toshewa da bawul ɗin da ya lalace, ba da mai lafiya ba.

Illar kuwa ta dogara ne ga zamanin injin. A tsofaffi, inda iskar tsotso ke buɗe bawul, kwamfuta ba ta cika lura ba. A injinan da suka biyo baya, irin su 1KD-FTV mai lita 3.0 na Hilux da Prado, kwamfuta na auna sabuwar iskar da ke shiga. Ta san cewa idan ta buɗe EGR dole wannan awo ya sauka. Idan bai sauka ba, sai ta kunna fitilar gargaɗi, ta rubuta lamba irin P0401, wani lokaci ta rage ƙarfin motar. Shi ya sa wasu ke huda ɗan rami a fallen, wasu kuma su sa a sauya manhajar kwamfutar gaba ɗaya, abin da ke buɗe ƙofar wasu kurakuran.

Batun turbo ya fi wannan hatsari. Hayaƙin da ya kamata ya koma inji yanzu duk yana dukan fankar turbo. A injin da ke da turbo mai sauya kusurwar fikafikai, an tsara motsinsa ne da lissafin cewa wani kaso na hayaƙin zai bi ta EGR, don haka matsin iska kan yi tsalle fiye da yadda aka tsara. Masu Patrol mai injin ZD30 a Ostareliya sun san wannan, har ya zama ruwan dare wanda ya toshe ya ƙara bawul na kayyade matsin turbo da agogon auna zafin salansa. Gyara ɗaya ya jawo biyu. Bugu da ƙari, matsi da zafin ƙonewa a matsakaicin nauyi suna ƙaruwa, ƙarar inji ta ƙaru, kuma inji kan ɗauki lokaci kafin ya yi zafi da safe.

Sai kuma hasarar da ba ta bayyana a agogon mota. NOx ba ta da baƙin hayaƙin da zai ja ido, amma tana tayar da asma, tana kuma shiga cikin samar da iskar ozon ta ƙasa da ƙananan ƙwayoyin ƙura masu shiga can cikin huhu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke ma'auninta na shekara na iskar NO2 daga maikrogiram 40 zuwa 10 a kowace kubik mita. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017 ya danganta kimanin mutuwar mutum 38,000 a 2015 da NOx ɗin da motocin dizal suka fitar fiye da iyakar da aka ba su. Wanda ke shaƙar wannan iska ba mai motar ba ne da ke ciki da iyakwandishan. Mai talla ne a bakin titi, da ɗan acaɓa da ke bayansa, da yaran shagon da ke tsaye kan salansa ana gwada inji. A ganina wannan kaɗai ya isa a daina ɗaukar toshewa a matsayin sha'anin mai mota da motarsa.

5. Doka da mafita

A Amurka dokar tsaftar iska ta haramta cire ko kashe na'urar hayaƙi. Hukumar kare muhalli ta ƙasar ta ƙiyasta a 2020 cewa an cire irin waɗannan na'urori daga motocin a-kori-kura na dizal fiye da 550,000, abin da zai ƙara tan fiye da 570,000 na NOx a tsawon rayuwarsu. Kamfanoni ma ba su tsira ba. Badaƙalar Volkswagen ta 2015 ta shafi motoci kimanin miliyan 11, kuma a Yulin 2022 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci kan manhajar da ke barin EGR ta yi cikakken aiki tsakanin digiri 15 da 33 kawai. Ga mai karatu a Kano ko Damagaram, inda zafin bazara ke haura 40, wannan hukunci na da darasi: mota mai irin wannan manhaja tana rage EGR da kanta a yawancin ranakun bazara.

A 2020 ƙasashen ECOWAS sun amince da iyakar salfa ta kashi 50 cikin miliyan da kuma matakin Euro 4 ga motocin da ake shigowa da su. Matakan biyu tare suke tafiya, domin motar Euro 4 ba za ta riƙe matakinta a kan ƙazamin mai ba, haka kuma tsaftataccen mai ba zai rage NOx a motar da aka toshe ba. A matakin gareji, abin da ya dace shi ne a kwance bawul da manifol a wanke su a waje, kada dattin ya faɗa silinda; a duba nozul da matatar iska; a sa gwangwanin tace feshin mai a kan bututun numfashin inji, a riƙa zubar da shi a kan kari; a kuma rage barin mota a kunne tana tsaye. Ga ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji masu tarin Hilux da Land Cruiser, ya kamata yarjejeniyarsu da gareji ta ƙunshi wanke EGR a jadawalin sabis, tare da sharaɗin cewa duk fallen da aka saka don gwaji a cire shi kafin mota ta bar wurin.