Tarihin Rabe-Raben Ƙwarin Ganye da Matsalar Sunayensu a Hausa

1. Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda masana suka rarraba wasu ƙwari masu ɓarna ga wake da kuɓewa, irin waɗanda ake nomawa a gaɓar Komadugu Yobe, daga Difa har Boso da Yebi, sa'an nan a nuna abin da wannan tarihi yake koya wa masu rubuta littattafan yaƙi da jahilci. Ko da yake yawancin manoman yankin Barebari ne, Hausa tana cikin harsunan kasuwa, saboda haka sunan da aka rubuta da ita yakan yi nisa.

2. Tarihin rabe-raben

A shekarar 1758 ne Linnaeus, mutumin Suwidin, ya daidaita tsarin bai wa kowace dabba suna biyu na Latin, wato na gida da na iri. Ɗaya daga cikin gidajen ƙwarin da ya kafa shi ne Chrysomela, masu cin ganye. A 1775 almajirinsa Fabricius ya bayyana ƙwaron nan mai huda wake, ya kira shi Bruchus maculatus. A 1802 Bafaranshe Latreille ya tara gidaje cikin dangogi, ya ware masu cin ganye daban, masu cin ƙwaya daban. Daga nan aka samo Chrysomelidae da Bruchidae.

Sunayen ba su tsaya nan ba. A 1902 Maurice Pic ya ƙirƙiro Callosobruchus, gidan da ƙwaron wake ya koma, kuma a 1921 ya bayyana wani irin da yanzu ake kira Bruchidius atrolineatus. A shekarun 1990, bayan nazarin dangantakar ƙirar jiki, yawancin masana suka mayar da masu cin ƙwaya reshe kawai, mai suna Bruchinae, a cikin dangin masu cin ganye, wanda irinsa da aka bayyana ya haura 35,000.

A Nijar kuwa, binciken Inezdane Alzouma da abokan aikinsa a Jami'ar Yamai cikin shekarun 1980 ya nuna cewa irin nan biyu tun a gona suke yin ƙwai a kan kwanson wake. Da rani Bruchidius yakan daina haihuwa, shi kuwa Callosobruchus sai ya yi ta yaɗuwa a rumbu.

3. Matsalar suna

Littafin Dalziel na 1916 ya haɗa sunayen tsirrai na Hausa da na Latin. Wajen ƙwari, Hausa tana da fara, gara da buzuzu, amma ƙanana irin waɗannan manomi yakan ce ƙwaro ne, ya jingina shi ga shukar da yake ci. Idan marubuci ya fassara sunan dangin da “ƙwarin ganye”, zai haɗa Podagrica, mai huda ganyen kuɓewa da yakuwa, da ƙwaron wake, wanda tsutsarsa take cikin ƙwaya. Alhali maganinsu ya bambanta: na farko a gona ake yaƙarsa, na biyu kuwa da girbi kan kari da hana shi iska, kamar a buhu mai ruɓi uku da aka fara yaɗawa a 2007. Manomin da ya karanta “ƙwaron ganye” bai ga rami a ganye ba, sai ya saki jiki har wakensa ya zama gari.

4. Kammalawa

Tun da sunan kimiyya yana canjawa, ba a gina sunan Hausa a kansa. Abin da ya kamata shi ne a tattara sunaye daga bakin manoma, da Hausa da Barbarci, tare da samfurin ƙwaron. A littafin manomi a kira shi da shukarsa da ɓarnarsa, a ƙamus kuwa a ƙara sunan Latin da shekarar bayyana shi, domin masu bincike su san ƙwaron da ake nufi.