Muryar Macen Ƙarfe: Tarihin Mutum-Mutumi Mace a Wasannin Kwaikwayo na Sauraro

Abin da mu ke nufin dubawa a wannan takarda shi ne asalin wani irin wasan kwaikwayo na Turawa wanda kunne kaɗai ke cin moriyarsa. A kan ɗauko ƙagaggen labarin kimiyya daga littafi, a raba shi ga 'yan wasa da yawa, kowa da muryarsa, sa'an nan a haɗa da kiɗa da ƙarar abubuwa. A cikin irin waɗannan labaru akwai wadda ba a cika rasawa ba, watau mutum-mutumi mai siffar mace. Ra'ayinmu kuwa shi ne, tun farkon al'amarinta sha'anin murya ne ya fi nauyi a kanta, muryar nan kuma kullum ta aro ce.

A shekarar 1877 Thomas Edison na Amurka ya ƙago injin ɗaukar magana, kakan garmaho. Ba a cika shekara goma ba, a 1886, sai wani marubucin Faransa, Villiers de l'Isle-Adam, ya fito da littafinsa L'Ève future, inda ya sa Edison ɗin a cikin labari ya ƙera wata mace mai suna Hadaly. A madadin huhu an sa mata injin magana biyu na zinariya, an ɗauki muryar wata mawaƙiya, Alicia Clary, an zuba a ciki. Kalmomin kuwa na manyan marubuta ne. Ashe ke nan murya ta wata ce, magana ta waɗansu, ita Hadaly ba ta da kome nata. Edison na gaskiya ma ya gwada, don a 1890 ya sayar da 'yan tsana masu magana, waɗanda 'yan mata suka rera musu waƙoƙin yara, amma ba su yi kasuwa ba, aka janye su.

Kalmar da Turawa ke kiran mutum-mutumi da ita ta fito daga wasan Karel Čapek na ƙasar Cek, R.U.R., wanda aka buga a 1920. Tushenta aikin tilas. A wasan akwai Sulla, mai buga tafireta, wadda baƙuwa ta rantse mutum ce saboda iya maganarta. A 1927 BBC ta watsa wasan nan ta rediyo. A shekarar nan kuma aka nuna silimar Metropolis ta Fritz Lang a Jamus, wadda macen ƙarfenta ta shahara ƙwarai, alhali kuwa silimar bebiya ce, ba wanda ya ji muryarta.

Ana nan sai mujallu masu araha suka yaɗu a Amurka, ana buga su a kan takarda mara kyau, da hotuna masu jan ido a bango. Hugo Gernsback ya fara Amazing Stories a 1926. A mujallar Astounding ne Lester del Rey ya buga Helen O'Loy a 1938, labarin injin aikin gida da ta koyi soyayya daga kallon wasannin kwaikwayo, ta auri mai ita. A 1944 wata mace, C. L. Moore, ta juya zancen a No Woman Born: mawaƙiya Deirdre ta ƙone a gobara, aka sa ƙwaƙwalwarta cikin jikin ƙarfe, muryarta ce ta shaida wa masoyanta ita ce. Wannan ita kaɗai cikin waɗanda muka ambata ke magana da muryar kanta.

Daga waɗannan mujallu da littattafai gidan rediyon NBC ya riƙa ɗibar labaru don shirinsa Dimension X, daga 1950 zuwa 1951, da kuma X Minus One, daga 1955 zuwa 1958. Nan fa masu shirya wasa suka gamu da wuya. Mai zanen bango ya kan nuna ƙarfe da kusoshi, amma yaya mai sauraro zai gane wannan mai magana ba 'yar Adam ba ce? Dabara ta fari ita ce 'yar wasa ta daidaita muryarta, ba hawa ba sauka. Ta biyu, a bi da muryar ta cikin na'ura ta sāke kama, aikin da BBC ta kafa wa sashe na musamman a 1958. Mai tatsuniya na ƙasarmu ya san irin wannan, don da tsamin baki kaɗai ya kan sa yara su gane Gizo ne ke magana, ba sai ya ambaci sunansa ba.

Dabara ta uku ta fi zurfi, watau a bar muryar yadda ta ke, mai sauraro ya ruɗu tare da mutanen labarin. Misali shi ne Marionettes, Inc. na Ray Bradbury, wanda shirye-shiryen nan biyu duk suka yi wasansa. Wani miji ya gaji da matarsa, ya yi niyyar sayen mutum-mutumi mai kama da shi ya bar mata. Da ya duba ajiyarsu sai ya tarar kuɗi sun ragu, ya kara kunne a ƙirjinta, ya ji ƙarar inji kamar ta agogo. Ashe ta riga shi. Ƙarar nan, wadda a takarda kalma ce kurum, a rediyo ita ce dukan wasan.

Da talabijin ya yi ƙarfi, manyan gidajen rediyon Amurka suka daina irin wasannin nan a 1962, amma BBC ba ta bari ba, daga baya kuma kaset da faifai da intanet suka farfaɗo da sana'ar. A 2014 BBC ta yi wasan littafin Philip K. Dick na 1968, Do Androids Dream of Electric Sheep?, inda Jessica Raine ta fito a Rachael. A labarin, da tambayoyi a ke jarraba ta a gane ko mutum ce, mai sauraro kuwa ya zama shi ma alƙali, ba shi da shaida sai murya.

Abin da Villiers ya ƙaga ya tabbata a zamaninmu. A 2005 wata Ba'amurkiya, Susan Bennett, ta ɗauki makonni tana karanta jimloli ana ɗauka, ba ta san inda za su ƙare ba, sai a 2011 ta ji muryarta na fitowa daga wayar Apple da sunan Siri. Saboda haka ya kamata malamin da zai karantar da waɗannan wasanni ya sa ɗalibansa su riƙa tambaya uku: muryar wa ce, wa ya tsara maganar, wa kuma ya ci ribarta? Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma tarihin macen ƙarfe, daga Hadaly zuwa yau, bai ƙaryata su ba.